Na kai sigari lab an auna min, ga yadda aikinsu yake

Tun da na karɓo sakamakon nan ɗalibai 'yan kemistiri suke ta tambayata ina na kai samfur ɗina, aikin wajen yana da kyau ko kuwa asarar kuɗi ne, toh bari in faɗi komai a dunƙule kowa ya huta. Ba zan kama sunan wajen ba saboda akwai abubuwan da suka ɓata min rai kuma bana so abin ya zama tozarci. Lab ne dai mai zaman kansa a Kaduna, irin wanda mutane suke kai ruwan burtsatse da ƙasar gona da taki a duba musu, ba wai don taba aka buɗe shi ba.

Ni malamin kemistiri ne a sakandare, ina haɗawa da digiri na biyu. Abinda yasa na ɗauki sigari a matsayin binciken da zan yi kuwa Yayana ne. Direban tirela ne, Kano zuwa Legas, ya fi shekara 20 yana shan taba, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya biya min kuɗin makaranta har na gama. Da tari ya matsa masa sai ya bar wadda ya saba ya koma irin mai farin kwalin nan da mashaya suke cewa mara ƙarfi. Duk sanda na yi masa magana sai yace ai wannan ruwa-ruwa ce, ko maƙogwaro bata kamawa, kai da kake ɗan boko ka duba lambar da ake cewa tana da shi mana. Maganar nan ta daɗe tana cina, don na san akwai matsala a cikinta amma bani da abinda zan ɗora masa a tafin hannu ya gani.

Na sayi kala 6, kwali-kwali, wasu a kanti wasu a wajen masu tebur na bakin tasha, uku masu ƙarfi uku marasa ƙarfi a faɗin mashaya. Na zuba a leda na kama hanya.

Abu na farko da zan yaba musu, kuma shine yasa har yanzu nake tura mutane wajen duk da ɓacin ran da zan faɗa a gaba, shine gaskiyar mutumin da yake kula da injinan. Dattijo ne, gashinsa duk ya yi fari, kowa Oga yake ce masa. Ina zuwa nace ina so a auna min tar, wato kwaltar hayaƙin, da nikotin da duk gubar da take cikin hayaƙin, sai ya jawo min kujera yace Malam zauna tukun, kafin ka ciro ko sisi bari in faɗa maka abinda muke iyawa da wanda bama iyawa. Yace su basu da injin shan sigari, kuma duk wanda ya karɓi kuɗina ya bani lambar tar alhali bashi da wannan injin to rubuta min kawai ya yi. Wallahi a take naji hankalina ya kwanta da shi, don da ya so da sai ya amshe kuɗin ya buga min wasu lambobi a takarda, ni kuma a lokacin ba lallai in gane ba.

Injin shan sigari ɗin nan ya kamata in ɗan tsaya a kansa don a nan duk rikicin yake. Inji ne da ake soka masa karan sigari a baki, a kunna, shi kuma ya dinga zuƙa da ƙa'ida. Ƙa'idar da akafi amfani da ita a duniya ita ce ISO 3308, zuƙa ɗaya mililita 35, a cikin sakan 2, sau ɗaya a kowane minti. Kafin ma a kunna sai an ajiye sigarin awa 48 a ɗaki mai zafin digiri 22 da danshi kashi 60 cikin 100, don busasshiyar taba da mai laima ba ci ɗaya suke yi ba, kuma mu da muka san hunturu mun san yadda abu yake bushewa ƙayau. Hayaƙin yana bi ta cikin wani ɗan farin faifai na zaren gilashi da ake kira Cambridge, ƙaramin faɗinsa milimita 44, shi yake tare duk wani abu mai maiƙo. Sai a ɗora faifan a sikeli kafin da bayan, a cire nauyin ruwa, a cire na nikotin, abinda ya rage shine ake kira tar. Kenan tar ba sinadari ɗaya bane, tarkace ne, kwalta ce mai ɗauke da dubban abubuwa a cakuɗe. Iskar da ta wuce faifan kuma a tara ta a jaka a auna kabon monoksaid da ke ciki.

Toh wane mashayi ne yake zuƙa sau ɗaya a minti? Na zauna kusa da Yaya a gaban mota na gani, kafin minti ya cika ya ja uku, ja mai tsawo har kumatunsa su lotsa. Shi yasa Kanada tun 1999 ta fito da tata ƙa'idar mai tsanani, mililita 55 duk sakan 30, kuma a toshe ƙananan hudojin da ke jikin filta gaba ɗaya. Hudojin nan zan dawo kansu.

Abinda su suke iyawa shine ƙarafa masu guba, kadmiyom da dalma da nikel da kuromiyom, da wani inji da ake kira AAS. Oga ya bani shawara a raba kowane sigari gida uku, tabar da ba'a ƙona ba, tokar, da guntun filtar bayan an sha. In ka san abinda yake cikin tabar tun farko, ka cire wanda ya rage a toka da guntu, saura ka san ya tashi a hayaƙi. Ya ƙara min da cewa in kula, wannan saura ɗin ba duka yake shiga huhun mai sha ba, wani yana tashi ta bakin wutar ya cika ɗaki. Wannan gargaɗin nasa ne ya tsaya min a rai har na koma gida, don yaran Yaya huɗu a ɗaki ɗaya suke kallo da shi in ya dawo daga tafiya.

Maganar kuɗi. Anan ku buɗe ido sosai. Ba a kan samfur suke caji ba, a kan kowane ƙarfe ne a kowane samfur, bayan kuɗin narkar da samfur a asid daban. Ni da na zo da tunanin abu 6 na kawo, sai gashi kala 6 sau gida 3 sau maimaici 3 ya zama kwalba 54, in ka ninka da ƙarfe 4 kaga awo 216 kenan. Hajiyar da take karɓar kuɗi bata min wannan bayanin ba a waya da na kira kafin in taso, farashin awo ɗaya kawai ta faɗa min, sai da na zo na ga lissafi jikina ya yi sanyi. Dole na ajiye nikel da kuromiyom na tsaya a kan kadmiyom da dalma. Basa ragi ko kai ɗalibi ne, kuma sai ka biya duka kafin a taɓa samfur ɗinka. Rasit ma sai da na nema sau biyu. Ba zan ce tsadar zalunci bace, don asid mai tsafta da gas da man janareta duk kuɗi ne, amma rashin bayani tun farko bai dace ba, mutum ya taso daga wani gari da kuɗin da ba zai isa ba.

Sun barni na tsaya a kan aikin, wannan ma abin yabo ne, wasu wuraren daga ka miƙa leda sai dai a ce ka dawo. Na sa farar riga da safar hannu. Muka fasa karan sigari ɗaya bayan ɗaya da almakashin roba, Oga ya hana a taɓa da wuƙa ko reza yace ƙarfe muke nema kar mu zuba namu a ciki. Aka busar a oban, aka niƙa a ɗan turmin tangaran, aka auna giram ɗaya ɗaya a sikelin da yake cikin akwatin gilashi wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai lambar ta motsa. Sannan aka zuba asid na naitirik aka ɗora a wuta cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Tabar ta dinga kumfa tana fitar da wani jan hayaƙi mai duhu, a hankali a hankali baƙin ya washe har ya koma ruwa garai-garai mai ɗan rawaya kaman fitsari. Kowane zubi akwai kwalba ɗaya da babu taba a ciki sai asid zalla, da ita ake gane ko asid ɗin ne da kansa ya zo da datti. In kaje lab baka ga suna yin wannan kwalbar ba, kwashe kayanka.

Akwatin zuƙe hayaƙin nasu dai ya tsufa, fankarsa tana ƙara amma bata ja sosai, rana ta biyu idona ya yi ja na kwana ina tari. Yaran da suke aiki a wajen kullum fa? Na faɗa wa Oga, yace ya kai ƙorafi sama tuntuni. Takunkumin da suka bani ma irin na asibiti ne wanda baya tare hayaƙin asid.

Yanzu ga ɓangaren da yafi komai daraja a wajena, kuma ba'a caje ni ko kwabo a kansa ba. Tunda muna buƙatar toka da guntu dole a sha sigarin, sai Oga ya haɗa wata dabara, sirinji babba mai cin mililita 60, da ɗan tiyo, da maƙalin da suke sa takardar tace ruwa ta zaren gilashi a ciki, irin wadda suke auna dattin ruwa da ita. Ya ja min kunne yace Malam kar ka kuskura ka rubuta a takardunka cewa wannan ISO ne, ba shi bane, hannun mutum baya ja daidai kaman inji, wannan don ido ya gani ne kawai. Muka fita bayan gini, na riƙe agogon waya shi yana jan sirinji, 35 a sakan 2, mu jira minti ya cika. Da muka gama kara biyar na mara ƙarfin muka buɗe maƙalin, takardar da ta shiga fara tas ta fito ruwan ƙasa-ƙasa kaman an ɗiga mata shayi. Na mai ƙarfin kuma ta fi duhu nesa ba kusa ba. A raina nace shikenan, ashe Yaya yana da gaskiya.

Sai Oga ya ɗauko kara ɗaya na mara ƙarfin ya miƙo min da gilashin ƙara girma yace duba takardar da ta naɗe filtar, wajen tsakiya. Na duba ban ga komai ba. Ya yage takardar ya ɗaga ta saitin rana. Wallahi sai ga layin hudoji ƙanana ƙanana sun zagaye ta kaman an bi da bakin allura, layi biyu, a jere reras. Yace in inji yana ja, iskar waje tana shiga ta nan ta surka hayaƙin, sai lamba ta fito ƙarama. Shi kuma mutum a daidai nan yake sa yatsu, wani ma leɓensa yake rufewa, kuma tunda jikinsa nikotin yake nema in yaji bai ƙoshi ba sai ya ƙara ja da ƙarfi ko ya ƙara kara. Ya ɗauko salatif ya naɗe hudojin, muka sa sabuwar takarda, wannan karon 55 duk sakan 30. Abinda ya fito ba zan manta ba. Takardar ta yi baƙi-baƙi mai sheƙi, tsakiyarta har danƙo take yi, na taɓa da safar hannu ya biyo yatsana kaman bakin mai, warin kuma irin na tsohon tokar da ruwa ya jiƙa, ya kama rigata har gida. Sigari iri ɗaya, daga kwali ɗaya.

Da na koma na bi karatun abin sai na ga duniya ta daɗe da sanin wannan. Hukumar kasuwanci ta Amurka da ta fara amfani da wannan awon na inji tun shekarun 1960 ta janye goyon bayanta a 2008, kuma daga 2010 aka hana kamfanoni a can rubuta kalmomin da ke nuna wai sigari mai sauƙi ce ko mara ƙarfi. Tarayyar Turai ta sa iyaka, tar miligiram 10, nikotin 1, kabon monoksaid 10 a kara ɗaya, amma dokarsu ta 2014 ta sa an cire lambobin daga jikin kwali gaba ɗaya saboda suna yaudarar mutane su ɗauka wata ta fi wata lafiya. A 2018 cibiyar lafiyar jama'a ta ƙasar Holan ta ɗauki kala 100 ta auna da ƙa'idar Kanada, kusan duka suka ninka abinda kamfanoni suka bayar aƙalla sau biyu, wasu tar ɗinsu ya haura ninki 20, kuma waɗanda aka fi cewa marasa ƙarfi su suka fi tashi. Mu kuwa har yau a tasha ana sayar wa mutum da sunan wannan bata da illa sosai.

Toh sai jira, kuma anan raina ya ɓaci. An ce min sati ɗaya. Sati ya cika na kira, wai gas ya ƙare. Injin da asitilin yake aiki, irin gas ɗin masu walda amma mai tsafta, kuma sai an yi oda. Na yarda wannan yana faruwa, amma me zai hana a kira ni a faɗa min? Sati na biyu ba'a ɗaga waya, na tura saƙo a WhatsApp an karanta ba amsa. Sai da na biya kuɗin mota na je da ƙafata, a ranar kuma babu wuta, janareta ƙarami ne ba zai ɗauki injin ba. Sati uku da kwana huɗu kafin a kunna. Duk wanda supabaiza ya ba wa wa'adi ya sa wannan a lissafinsa, kar ya kai samfur ana saura wata ɗaya difens, wato ranar kare bincikensa.

Ranar da aka kunna dai na ga aiki. Injin ba sabo bane amma ana kula da shi, an lulluɓe shi da ƙyalle, ɗakin ba ƙura. Kowane ƙarfe da fitilarsa, in za'a auna kadmiyom sai a sa fitilar kadmiyom a saita a nanomita 228.8, in dalma ce a canza. Ana kunnawa sai wani siririn harshen wuta shuɗi ya miƙe a kan kan injin, wani ɗan tiyo kaman gashi yana tsotsar ruwan samfur yana fesawa cikin wutar, hasken fitilar yana ratsawa, gwargwadon hasken da ƙarfen ya shanye gwargwadon yawansa. Oga ya fara da ruwan da aka san adadin ƙarfen da ke ciki, guda biyar daga ƙarami zuwa babba, sai da layin ya miƙe sak a kwamfuta sannan ya fara nawa, kuma duk bayan kwalba goma yana komawa ya sake gwada ɗaya daga cikinsu ya ga ko injin ya zame. Ban roƙe shi ya yi ba, haka yake aikinsa.

Takardar sakamakon kuma, wadda wani yaro ne ya buga ba Oga ba, ita ce mafi rauni a duk hidimar. Na farko an rubuta lambobin a miligiram cikin lita, wato na ruwan da ke kwalba, ba'a mayar da su kan nauyin tabar ba. Ni na iya lissafin, amma ɗalibin da bai sani ba haka zai kwafa ya kai, ya kwatanta da na wasu ƙasashe ya ce tamu ba komai a ciki. Na biyu, a wajen dalma an rubuta ND a layuka da yawa, wato ba'a gano ba, amma ba'a faɗi iyakar ganin injin ba. ND ba yana nufin babu bane, yana nufin idon injin bai kai nan ba, kuma irin wannan mai harshen wuta idonsa bai kai na manyan injina irin ICP-MS ba. Na uku, wanda yafi tayar min da hankali, akwai samfur ɗaya da maimaicinsa uku suka fito lamba ɗaya sak har ɗigo na uku. Duk wanda ya taɓa aikin lab ya san haka bata faruwa. Na koma na nuna wa Oga, ya buɗe littafinsa na hannu, ashe yaron layi ɗaya ya kwafa sau uku. Ransa ya ɓaci sosai, ya gyara a gabana, ya rubuta min iyakar ganin injin da biro a ƙasa ya sa hannu. Don haka ku nemi ganin littafin asali, haƙƙinku ne, kar ku tsaya a kan takarda mai tambari.

Abinda ya fito a taƙaice, kadmiyom yana cikin duka kala shidan, babu wadda ta tsira, kuma tsakanin mai ƙarfi da mara ƙarfi ban ga wani bambancin da zan riƙe ba, tabar ciki kusan abu ɗaya ce, filta da takarda ne suka bambanta. Kuma mafi yawansa baya cikin toka, ya tashi. Dalilin a fili yake, bakin wutar sigari yana kai wajen digiri 900 lokacin da ake ja, shi kuma kadmiyom a 767 yake tafasa, dalma kuwa sai ta haura 1700, shi yasa inda ta bayyana a tokar muka fi samunta. Ganyen taba yana da halin tsotsar kadmiyom daga ƙasa fiye da yawancin shuke-shuke, takin fosfet ma yana ƙara masa. Abinda ke cikin kara ɗaya ɗan mitsitsi ne, wajen maikirogiram 1 zuwa 2, wani zai ce wannan ai ba komai bane, amma shi kadmiyom in ya shiga baya fita da wuri, yana zama a ƙoda shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya ragu. Ka lissafa kwali ɗaya a rana shekara 20. Ita kuwa dalma mu ba sai an mana dogon bayani ba, mun ga abinda ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010, yara fiye da 400 suka rasu. Na sigari bai kama ƙafar wancan ba ko kusa, kar a fahimce ni ba daidai ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za'a kira lafiyayye.

Kuma ku tuna ƙarfe biyu kawai na auna. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 an tabbatar suna jawo kansa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ware 93 a 2012 a matsayin waɗanda ya kamata a sa wa ido. Akwai fomaldihaid, wanda ruwansa ne muke jiƙa kwaɗi da shi a lab ɗin bayoloji, akwai benzin na cikin fetur, akwai sayanaid, akwai kabon monoksaid irin na hayaƙin janareta da yake kashe iyali guda a ɗaki rufe, yana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu. Akwai NNK da NNN, wasu sinadarai masu jawo kansa da suke samuwa tun wajen busar da ganyen, har da poloniyom 210 mai fitar da tururin nukiliya. Kowanne da injinsa da hanyarsa, kuma babu ɗaya a ciki da wannan lab ɗin zai iya, ko asenik ma Oga yace basu da abin haɗawar da ake buƙata. Abin yana min ciwo, Najeriya ta shiga yarjejeniyar yaƙi da taba ta duniya tun 2005, wadda sashe na 9 da na 10 suke magana a kan auna abinda ke cikin taba da bayyana shi, muna da dokar 2015 da ta hana sayar da kara ɗai-ɗai da sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma ɗalibi kamata da sirinji da salatif ya ƙare.

Toh wa zan ce ya je? Ɗalibin da yake son ƙarafa a ganyen taba, ko toka, ko tabar gargajiya da ake shaƙa ko a sa a baki, ko ma gawayin shisha, ya je, aikin injin nasu abin dogaro ne in dai dattijon nan ne a kai. Ya tafi da lissafin kwalabensa a rubuce, ya ninka lokacin da aka faɗa masa sau uku, ya tsaya a kan samfur ɗinsa, ya sa lamba a jikin kwalba da murfi duka don asid yana goge rubutu. Wanda yake son tar ko nikotin ko sinadaran kansa kar ya ɓata kuɗin motarsa. Shi kuma mashayin da yake tunanin ya kai tasa a duba masa ko tana da sauƙi, ba sai ya je ba, gara ya kai kansa asibiti a duba ƙirjinsa da hawan jininsa. In maki ne zan basu 3 cikin 5, ukun nan kuma kusan duk na Oga ne.

Takardun tacewar nan guda biyu na mara ƙarfin, ta kafin a naɗe hudojin da ta bayan an naɗe, na roƙa aka bani, na sa kowacce a 'yar leda. Da Yaya ya dawo daga Legas bayan isha'i na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, kwalin yana gefensa. Ban kawo masa maganar kadmiyom ba. Nace Yaya ara min kara ɗaya, ya kalle ni da mamaki ya miƙo, na yage takardar filtar na haska mata fitilar waya ta baya. Ya matso da ita kusa da ido ya daɗe yana kallo, sannan ya zaro wata ya riƙe yadda ya saba riƙewa, ya ga inda yatsunsa suka sauka. Na ajiye masa ledojin biyu nace wannan irin jan inji ne, wannan kuma naka ne, kara biyar kacal. Ya ɗauki baƙar ya shinshina ya kawar da kai. Yace yanzu wannan a kara biyar? Nace eh Yaya. Yace bar min ita, zan nuna wa yaran motata. Bai ce zai daina ba, kuma bai daina ba har yau, amma matarsa ta faɗa min tun daga ranar baya kunnawa a ɗaki, waje yake fita, kuma ya yarda ranar Litinin in raka shi a ɗauki hoton ƙirjin da ya shekara biyu yana ƙin zuwa.